Kafin ku sayar da gona don karatun gyaran jirgin sama

Wani dattijo daga wani ƙauye na gundumar Gazawa ya same ni a gida lokacin da na zo hutu Maraɗi, shi da ɗansa, da takarda a naɗe cikin leda. An gaya masa cewa ni ɗan Gidan Rumji ne mai aikin gyaran jirgin sama, kuma in na sa baki za a ɗauki yaron aiki a filin jirgi na Diori Hamani a Yamai. Tun ranar raina a ɓace yake, shi ya sa nake wannan rubutu.

Yaron ya ci BAC D, kuma yana da kai, kana magana da shi za ka gane. Bayan sakamako ya fito, sai wani ɗan kamasho ya riƙa zarya gidansu, yana nuna wa uban hotuna a waya: samari cikin riguna masu ɗaukar ido, tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgi. Ya ce akwai makaranta a wata ƙasa ta bakin teku, wata tara kacal, diploma ta duniya, aiki kuma yana jiran yaro tun kafin ya gama. Dattijo ya sayar da ayar da ya noma a shekarar, ya sayar da shanun huɗa biyu, da kuɗi suka kasa ya jinginar da gona. Yaro ya tafi. Abin da ya tarar shi ne ɗaki ɗaya a saman wani kanti, da majigi, da malami mai karanta musu abin da ya kwaso daga intanet. Sau ɗaya aka kai su filin jirgi, suka tsaya bayan waya aka ɗauke su hoto. Bai taɓa sa hannu a jikin jirgi ba.

Na buɗe ledar. Takarda mai kauri, gefenta ruwan zinariya, hoton jirgi a sama, an rubuta masa injiniya da manyan baƙaƙe. Na juya gaba, na juya baya, babu lambar izini ta kowace hukumar jiragen sama. Na buɗe masa shafin canza ƙafar jirgi a littafin gyara da ke cikin kwamfutata, na ce ya karanta mini layukan gargaɗi uku na farko. Ya tsaya yana kallon allo, domin Turancin Ingilishi ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa da wannan harshe ake aikin. Na miƙa masa wayar kulle da kusoshi biyu na ce ya ɗaure su. Ya murɗa ta ta ɓangaren da zai taimaka wa kusar ta kwance. Wanda ya yi mako biyu a hanga, wato rumfar gyaran jirgi, ya wuce wannan kuskure.

Uban yana kallonmu, sai ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, takardar nan ba ta da amfani ko?" Na ce, "Baba, a wajen aikinmu ba ta da shi." Bai yi faɗa ba. Ya ce gonar ce kawai ke damunsa, don ta gado ce. Yaron kuwa kansa na ƙasa, kamar shi ya yi laifin, alhali zaluntarsa aka yi.

To ku ji da kyau. Makaranta ba ta ba da lasisi, hukuma ce ke bayarwa, kuma a Nijar hukumar ita ce ANAC. Makarantar da ba ta da lambar izini, takardarta ba ta shiga lissafi. Babu lasisi a wata tara, ko a ina ne.

Ƙa'idar OACI, hukumar jiragen sama ta duniya, a fili take: shekara 18 zuwa sama, da jarrabawa, da shekara 4 ana aiki a jikin jirgi na gaske, ko shekara 2 ga wanda ya gama kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. A tsarin Turai na Part-66, wanda kamfanoni da yawa a nahiyarmu ke nema, karatun lasisin B1.1 ko B2 a makarantar Part-147 awa 2400 ne, sannan shekara 2 na aiki. Wanda bai bi ta makaranta ba sai ya yi shekara 5. Bayan duk wannan ma lasisin fanko ne har sai an ɗora masa shaidar irin jirgin, ATR ne ko Boeing 737, kuma kamfanin da kake wa aiki ya ba ka izinin sa hannu a APRS, wato takardar sakin jirgi ya koma aiki. In ka bar aikin, cikin wata 24 ba ka yi wata 6 kana taɓa jirgi ba, hannunka ya daina ci. Yanzu a ina wata tara zai shiga cikin wannan lissafi?

Abin da ke ƙara ba ni haushi, iyaye ne. Mutum zai yini a kasuwar Gazawa yana duba haƙorin rago kafin ya biya, amma a ce masa jirgin sama, sai ya miƙa kuɗin noman shekara ga wanda bai san gidansu ba. Kada girman sunan sana'a ya hana ku tambaya. Ɗan kamasho ladansa yake nema, ranar da yaro ya dawo ba za ku same shi a waya ba.

Wasu kuma suna ruɗewa da EAMAC. Makaranta ce ta gaske, ta ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta Afirka, tana Yamai tun 1963, kuma duk wanda ya ci gasar shiga can ya yi sa'a. Sai dai masu kula da zirga-zirgar jirage take horarwa, da masana yanayi, da masu gyaran na'urorin ƙasa irin su rada da rediyo. Wanda ke son kwance injin jirgi ba can zai nufa ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan zai kai yaro can ya zama bakaniken jirgi, ƙarya yake yi. Mafi kusa da mu ita ce kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Ingilishi ake karatu, hukumar NCAA ta Najeriya ce ke ba da lasisi. Akwai makarantar kamfanin jirgin Habasha a Addis Ababa. A Maroko da Tunisiya da Faransa ma akwai masu izini, amma a tabbata an ga sunan makaranta a jerin hukuma, domin hukumar Turai, EASA, tana wallafa nata jerin a intanet kyauta. Kuma ko da lasisin Najeriya a hannu, wanda ke sa hannu a jirgin 5N na Najeriya ba zai sa a jirgin 5U na Nijar ba sai ANAC ta amince. Don haka a tambayi ANAC tun kafin a biya, a rubuce. Sojan sama hanya ce mai kyau ta koyon aiki, amma takardar soja ba ta zama lasisin farar hula kai tsaye.

Masu cewa mun cika tsauri, ku tuna da 11 ga Yuli 1991. Jirgin DC-8 ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, an canza alƙaluma a takarda, aka ce babu lokacin jiran naitirojin. Tayoyi suka fashe wajen gudun tashi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar. Mutum 261, babu wanda ya tsira. Iskar taya da sa hannu, shi ke nan. Akasarinsu iyayenmu ne da suka sauke farali suna hanyar gida.

Shi ya sa nake jan kunnen matasa masu sitaj a kan littafin aikinsu. Kada ka rubuta aikin da ba ka yi ba. Kada ka kai wa wani ya buga maka hatimi a kan shafi goma rana ɗaya don yana ɗan garinku. Ni kaina an kawo mini irin wannan roƙo, na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Wanda ya saba ƙarya a littafinsa zai yi ta a takardar jirgi. Na sake faɗa, aikin da hannunka bai yi ba kada biro ya rubuta shi.

Ba na hana kowa wannan sana'a. Ina sonta, ta rufa mini asiri, kuma ina son in ga ƴaƴan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, maza da mata, a cikinta. Amma a san cewa jirage ba su da yawa a Nijar, kuma tun da Air Afrique ya durƙushe a 2002 wuraren manyan gyare-gyare sun ƙaranta a yankinmu. Samun wurin cike shekarun aiki ya fi karatun wuya, mafi yawa sai an bar gida. Yaro ya riƙe lissafi da fizik, ya fara Ingilishi tun daga lise, ba sai ya ci BAC ba. Wanda ya bi ta lise teknik Ɗan Kasawa ko IUT ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, ya koyi kanikanci ko lantarki, bai yi asara ba ko jirgi bai samu ba. A duba ido kuma, musamman gane launi, kafin a kashe kuɗi.

Malaman lise na gundumomin nan uku, don Allah ku gaya wa ɗalibanku tun kafin sakamako ya fito, domin lokacin ne ƴan kamasho ke shiga ƙauyuka. Iyaye kuma, duk wanda ya zo muku da maganar makarantar jirgi, ku ce ya rubuta sunanta, da lambar izininta, da hukumar da ta ba ta. Ku aika wani naku da takardar zuwa ofishin ANAC a Yamai. In ya kasa ba da lambar, kada ku ba shi ko dala.