Sana'a uku, kai ɗaya

Ɗan'uwa mai shago a Babbar Kasuwar Gombe, ga rumbu a Tudun Hatsi, ga Keke Napep biyu suna zirga-zirga tsakanin Jekadafari da Pantami, na san halin da kake ciki. Na sha ganin irinka bayan sallar isha'i, tuwo ya huce a gabansa, waya a kunne, yana ƙirga buhunan masara da ka.

Ka fara da raba aljihu. Kowace sana'a ta samu littafinta da asusunta na banki. Muddin kuɗin hatsi ne ke cike ramin da keke ya haƙa, ba za ka gane wacce ke cin wata ba, kuma ranar rabon gado 'ya'yanka za ka bar wa wannan ƙulli.

Ƙanenka da ka ɗora a shago kuwa, ka yanka masa albashi ko kaso sananne, a rubuce, gaban shaidu biyu. Wallahi "ai na gida ne" ta raba 'yan'uwa da yawa. Ka sa masa iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba sai ya kira ka ba, sannan ku zauna sau ɗaya a mako ku bi littafi layi-layi.

Kada ka buɗe sabon reshe da kaka, lokacin da hatsi ke kwararowa daga ƙauyuka. Bari sai shagon farko ya yi wata uku yana tafiya ba ka nan. Ranar Juma'a kuma, in an sauko daga masallaci, kashe wayar ka zauna da iyalinka.