Ajin Hutu Domin Yaran Firamare

Makarantun firamare suna tafiya dogon hutu daga ƙarshen watan Yuli zuwa watan Satumba. Yaro yakan yi kusan mako 6 bai buɗe littafi ba. Wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba, kafin a koma ya manta da yawa. Idan aka riƙa yi masa dariya a aji, sai ya soma gudun makaranta. Ajin hutu yana maganin wannan.

Kafin a yi hutu, hedimasta da mai unguwa da iyayen yara su zauna su tsayar da lokaci. Hutun nan yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Da safe yara suna gona ko kiwo, saboda haka ajin safe ba ya cika. Bayan azahar ya fi, amma a shawarci malamin makarantar allo don kada lokutan su haɗu. Awa ɗaya da rabi ta isa, kwana huɗu a mako. Ranar kasuwa a bar ta. A nemi zaure ko ajin da rufinsa ba ya yoyo, domin gindin bishiya ba ya tare ruwan Agusta.

Masu koyarwa suna nan cikin gari. Ɗaliban sakandare da na kwalejin horon malamai su ma suna hutu. A yanke ɗan abin da za a ba su tun da wuri. Kada a kori yaro don ubansa bai biya ba.

Ranar farko ba a koyarwa. A kira yara ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa takarda ya karanta. Wani haruffa kawai ya sani. Wani yana karanta kalma. Wani yana iya karanta ɗan labari. A raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Ɗan aji 5 yana iya zama da ɗan aji 3, kuma ba abin kunya ba ne. Wannan hanya daga Indiya ta fito. An gwada ta a makarantun Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano daga shekarar 2019.

Lissafi ba ya bukatar kuɗi. A ɗaure tsinke goma-goma. Ɗauri 3 da tsinke 4 sun zama 34.

Yarinyar da ta yi fashin kwana biyu, a bi ta gida, wataƙila talla ce ta riƙe ta. Ranar ƙarshe a sake gwada kowa, a rubuta inda ya kai, a miƙa wa hedimasta.