Yadda Tumbi Ke Sake Gina Famfunan Asid Bayan an Sha Maganin Olsa

Da an ga watan azumi, kafson Omeprazole kan yi kasuwa a kemis-kemis na Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu. Mai olsa da wanda ke zaton yana da ita, kowa so yake ya kai magariba ba tare da ƙwannafi ya ƙona masa ƙirji ba. Sai dai da yawa suna shan sa kamar fanadol: a haɗiya in ciwo ya taso, a ajiye in ya lafa. Aikinsa ba haka yake ba, kuma wanda ya san abin da ke gudana a bangon tumbinsa zai fi cin moriyarsa.

A bangon tumbi akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne yin asid. A jikin tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwaya akwai ƙananan famfuna na furotin. Kowane famfo yana tura haidirojin mai caji zuwa cikin tumbi, ya karɓo fotasiyam a madadinsa, da makamashin da ƙwayar ke samarwa. Haidirojin ɗin ya gamu da kuloraid, sai a sami asid ɗin da ke narkar da tsire da kilishi, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta da suka biyo abinci.

Kamfanin Astra na ƙasar Siwidin ne ya haɗa Omeprazole a 1979, ya shiga kasuwa a 1988 da sunan Losec. Idan an haɗiye shi, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson suna da rufin da ke kare su daga asid, sai sun isa ƙaramin hanji suke narkewa. Shi ya sa ba a tauna su. Daga hanji maganin ya shiga jini, ya zagayo ƙwayoyin asid ta baya. A nan tsamin wurin ke tashe shi, ya rikiɗe, ya manne wa famfon da ɗauri mai ƙarfi. Amma famfon da ke bakin aiki kaɗai yake kamawa. Wanda ke hutawa ya tsira.

To, ta yaya ƙwayar ke farfaɗowa?

Da farko hanta ce ke share fage. Cikin kamar awa ɗaya rabin maganin ya bar jini, bayan 'yan awanni babu sauran abin kirki. Famfunan da aka riga aka ɗaure suna nan a ɗaure, amma duk wanda ya fito bayan nan ba mai taɓa shi.

Sai ƙwayar ta buɗe ajiyarta. A cikinta akwai 'yan jakunkuna na tantani cike da famfuna masu jiran kira. Da mutum ya ji ƙamshin ƙosai ko kunun tsamiya ya sauka cikinsa, saƙo ya iso ta jijiya da ta sinadarai biyu, gastirin da histamin. Jakunkunan su taso su haɗe da tantanin waje, famfunan su fara aiki. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a sha maganin minti 30 zuwa 60 kafin cin abinci: a so abinci ya kira famfunan fili daidai lokacin da maganin ya cika jini. Mai azumi da likita ya rubuta wa sau ɗaya a rana, yawanci kafin sahur ake nufi, ba bayan ya cika ciki da tuwo yana jin kiran assalatu ba. Shi ne kuma dalilin da kafso ɗaya ba ya gama aiki. Sai an jera kwana 3 zuwa 5 ana sha kafin a kai ƙarshen abin da maganin zai iya.

Mataki na gaba shi ne mafi nauyi. A labarin Kusugu, da Bayajidda ya kashe macijiya sai jama'a suka ci gaba da ɗiba daga rijiyarsu ta dā. Ƙwayar tumbi ba ta da wannan gata, galibi sai ta haƙa sabuwar rijiya. Takan koma ga bayanan gadon da ke cibiyarta, ta kwafo tsarin famfon, ta ƙera shi gida biyu: babban ɓangare mai tura sinadarai, da ƙarami mai daidaita shi ya raka shi inda zai zauna. A haɗa su, a gyara, a zuba cikin sabbin jakunkuna, tsofaffin da aka ɗaure kuma a janye su ciki a wargaza. Ko babu magani wannan aikin ba ya tsayawa, domin kusan rabin famfunan ake sabuntawa a duk kwana biyu. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa wani sinadarin jiki, gulutatiyon, yakan kwance ɗaurin daga wasu famfunan. Da wannan da wancan, asid kan dawo yadda yake cikin kwana 3 zuwa 5 bayan kafson ƙarshe.

Wannan lissafin na wanda ya sha na ɗan lokaci ne. Wanda ya yi watanni yana sha, labarinsa daban, kuma a nan nake so a tsaya a saurara. Idan tsami ya ragu, ƙasan tumbi yakan ƙara fitar da gastirin don ya zaburar da aiki. In aka daɗe a haka, ƙwayoyin da ke yin histamin su ƙaru. Ranar da aka yanke maganin farat ɗaya, sabbin famfuna su tarar da kira fiye da na dā, asid ya yi ambaliya. A 2009 masu bincike a Denmak sun gwada mutum 120 masu ƙoshin lafiya. Rabinsu sun sha Esomeprazole, ɗan'uwan Omeprazole, na mako 8. Bayan an daina, kashi 44 cikin ɗari sun yi kukan ƙwannafi ko ɓacin ciki, alhali a cikin waɗanda aka ba kafson da ba magani a ciki kashi 15 ne kawai. Mutanen da ba su da ciwon tun farko ke nan. Ka ga yadda bawan Allah zai ce olsarsa ta tashi, ya koma kemis, shekara ta zagayo yana sha.

Wannan ambaliyar takan lafa cikin 'yan makonni. Likitoci kan rage adadin a hankali, ko su koma bayarwa rana bayan rana, su haɗa da maganin da ke kashe tsami nan take don ranakun da suka yi tsanani. Ba kowa ake cirewa ba, akwai masu larurar da dole su ci gaba, don haka shawarar ta likita ce.

Kuma kashe famfo ba ya kashe abin da ya jawo gyambon. Mafi yawan olsa daga ƙwayar cutar Helicobacter pylori take, wadda gano ta ya ba Barry Marshall da Robin Warren kyautar Nobel a 2005, ko kuma daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac, waɗanda manoma da 'yan acaɓa ke haɗiya don gajiya. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na maƙale masa a maƙogwaro, ya wuce kemis ya nufi asibiti mafi kusa da shi a ranar.