Sinadarin Da Ke Sa Fentin Ruwa Ya Kama Bango

Tun da aka mayar da hedikwatar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, garin Suleja ya zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa, gine-gine suka yi ta ƙaruwa, cinikin fenti kuwa ya bunƙasa. Mafi yawan abin da ake shafa wa ɗakuna fentin ruwa ne, saboda arha da saurin bushewa da rashin wari. To, amma ingancinsa ya dogara ƙwarai ga wani sinadari wanda masu saye ƙalilan ne suka san da shi.

Fentin ruwa haɗi ne na ruwa da launi da garin alli da kuma gam. Shi wannan gam ƙananan ƙwayoyi ne na roba da ke yawo a cikin ruwan, waɗanda ido ba ya iya gani. Idan aka shafa fenti ruwan ya ƙafe, ƙwayoyin sukan matsu da juna, amma sai sun yi laushi sun haɗe sannan su zama fata guda da za ta riƙe launi a jikin bango. Wasu ire-iren gam ba sa haɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 20. In sanyi ya fi haka, fentin zai bushe a ido, amma ya tsattsage ko ya riƙa zuba kamar gari.

Nan ne aikin sinadarin haɗe ƙwayoyi yake. Yana shiga jikin ƙwayoyin ya tausasa su na ɗan lokaci har su haɗe, daga baya ya fice a hankali cikin kwanaki, fentin ya yi ƙwari. Wanda ya fi shahara shi ne Texanol na kamfanin Eastman da ke Amurka, wanda ba ya tafasa sai a digiri 254, shi ya sa ruwa ke riga shi tashi. Kaɗan ake sawa, kuma gwargwadon nauyin gam ake auna shi, ba girman bokiti ba.

Wannan awo yana da muhimmanci a yankin Suleja. A lokacin hunturu, sanyin safiya da busasshiyar iska kan tona asirin fentin da aka yi wa ƙwauron sinadarin. In kuma ya yi yawa, fentin zai daɗe yana danƙo, ƙura ta manne masa.

Daga ƙasashen waje ake shigo da sinadarin, saboda haka farashinsa yana bin canjin dala. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta ƙara wa masu ƙananan masana'antu nauyi, kuma rage gam da sinadari tare da ƙara alli ita ce hanya mafi sauƙi ta karya farashi. Sai dai arha ba ta ado: ɗan kwangilar da fentinsa ya zube zai sake sayen kaya, ya sake biyan lebura, ya kuma rasa amincin mai gida.

Don haka ya kamata dillali ya nemi tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya a jikin bokiti. Kafin ya ɗauki kaya masu yawa, ya shafa kaɗan a bango, bayan mako guda ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. Idan launi ya biyo tsumman, ƙwayoyin ba su haɗe ba.