Darasi Na Bakwai: Aikatau "Dissuade" da Matsalar Fassara Shi Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da mai fassara kan ci karo da su akwai rashin kalma guda a harshensa wadda za ta ɗauke dukkan ma'anar kalmar harshen asali. Wannan darasi zai dubi aikatau na Ingilishi "dissuade", wanda ɗalibai da dama kan fassara da "hana" kai tsaye, alhali kuwa kalmomin biyu ba daidai suke ba.

2.0 Asali da Ma'ana

Kalmar ta samo asali daga Latin. Ta ƙunshi ɗafa-goshi "dis-" mai nuna rabuwa ko akasi, da saiwa "suadere" mai nufin ba da shawara. Daga wannan saiwa ce kishiyarta "persuade" ta fito. Ma'anarta a yau ta ƙunshi abubuwa uku:

i. ana amfani da magana da hujja ne, ba ƙarfi ko iko ba;
ii. wanda aka yi wa maganar shi ne ke janyewa don kansa;
iii. a shuɗaɗɗen lokaci tana nuna an ci nasara, wato an fasa aikin.

3.0 Yadda Ake Amfani da Ita

Aikatau ne so-karɓau, kuma karɓaunsa mutum ne. Bayan karɓau sai harafin "from", sannan aikatau mai ɗafa-ƙeya "-ing". Kuskure ne a sa "to" a gurbin "from", ko da yake haka ake yi wa "persuade". Misali:

The dealer dissuaded his friend from buying the bull.

4.0 Matsalar Fassara

A ɗauka a kasuwar shanu ta Wudil abin ya faru, ranar Juma'a. Dillali ya lura san da abokinsa ke ciniki yana ɗingishi, sai ya ja shi gefe ya ce: "Alhaji, dubi ƙafar bayan nan tukuna. Da ni ne kai, da na haƙura." Alhaji ya duba, ya mai da kuɗinsa aljihu. Idan aka ce "Dillali ya hana abokinsa sayen sa", an bar ƙofa a buɗe, domin "hana", wanda ke giredi na ɗaya a rabon da Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, yana ɗaukar hani na iko, kamar na uba ga ɗansa, da kuma tarewa ta zahiri, kamar yadda cikar kogi kan hana masunta fita. Mai sauraro na iya zaton dillalin ya yi wa cinikin ƙafar ungulu ne. Fassarar da ta dace ita ce:

Dillali ya shawo kan abokinsa ya fasa sayen san.

Haka kuma ana iya cewa "ya ba shi baki ya haƙura" ko "ya lallashe shi ya bari", gwargwadon dangantakar masu maganar. A lura cewa Hausa ta raba ma'anar gida biyu: "shawo kai" ya ɗauki hanyar da aka bi, "fasa" kuma ya ɗauki sakamakon.

Idan ba a ci nasara ba, Ingilishi kan ce "tried to dissuade". A nan sai a ce: "Dattawa sun ba yaron shawarar kada ya shiga kogin Wudil da damina, amma ya yi kunnen uwar shegu."

5.0 Kalmomi Makusanta

Wajibi ne ɗalibi ya bambance waɗannan:

i. discourage: kashe gwiwa, ko an fasa ko ba a fasa ba;
ii. warn: gargaɗi ko jan kunne, ta hanyar nuna haɗari;
iii. forbid: hani daga mai iko;
iv. prevent: tare hanyar faruwar abu.

Muhimmancin wannan bambanci ya fi fitowa a kotu. Idan shaida ya ce da Ingilishi wani ya yi "dissuading" mai kaya daga kai ƙara, tafinta kuwa ya ce "ya hana shi", to an mai da mai ba da shawara mai tursasawa, kuma kalma guda na iya sauya yadda ake kallon alhakinsa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa "dissuade" ba shi da takwara guda a Hausa. Saboda haka, kafin mai fassara ya zaɓi kalma, ya kamata ya tambayi kansa: da me aka tsai da mutumin, da baki ko da iko? Kuma wa ya yanke shawarar ƙarshe?

7.0 Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ma'anar "dissuade" ta ƙunsa.
2. Fassara wannan jumla: Her aunt dissuaded her from leaving school.
3. Gina jumloli biyu da "hana", ɗaya ta iko, ɗaya ta tarewa, sannan ka faɗi aikatan Ingilishi da suka dace da kowace.