Gyambon Kwanciya da Lissafin Ma'aikata a Gidajen Kula da Tsofaffi

A ƙasashen Turai akwai gidajen da ake ajiye tsofaffi da naƙasassu waɗanda ba sa iya hidimar kansu, inda ma'aikata ke yi musu wanka, su ciyar da su, su ba su magani. Idan ana son a gane ko gida irin wannan yana riƙe amanarsa, ɗaya daga cikin wuraren da masana suke fara dubawa shi ne fatar mazauna gidan.

Dalili kuwa shi ne, fata da tsokar da ke ƙarƙashinta suna rayuwa ne da jinin da ke ratsa wasu ƙananan jijiyoyi waɗanda suka fi silin gashi siranta. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe guda, nauyin jikinsa yakan matse naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, musamman a ƙugu da diddige da ƙashin gindin baya. Da zarar jijiyoyin sun toshe, iskar oksijin ta daina isa wurin, sai ƙwayoyin halitta su fara mutuwa. Mai lafiya ba ya gamuwa da wannan, domin ko cikin barci yake jikinsa yana jin matsin, sai ya juya bai ma sani ba. Amma tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kayar, sai dai a juya shi. Alamar farko ita ce wurin ya canja launi, ko an danna shi da yatsa ba ya washewa. A baƙar fata kuwa yakan yi duhu ne, shi ya sa ake saurin kuskure shi. In aka yi sakaci, gyambon yana iya ci har ƙashi, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Shi ya sa aka daɗe ana koya wa masu jinya su riƙa juya irin wannan majinyaci bayan kowace awa biyu.

To, a nan ne ilmin halitta yake komawa lissafi. A ƙaddara gida yana da mutum 12 da ba sa iya juyawa, kuma kowannensu sai ma'aikata 2 sun yi minti 10 a kansa, tsakanin juyi da sauya zanen gado. Zagaye ɗaya ya cinye minti 120 ke nan, wato kafin su gama da na ƙarshe lokacin na farko ya sake yi. In su biyun nan ne kaɗai a aikin dare, wa zai raba magani, wa kuma zai amsa ƙararrawar wanda ya faɗi a banɗaki? Tausayin ma'aikaci, komai yawansa, ba ya ƙara wa awa minti. Shugaban da ya tsara jadawalin ne ke da alhaki.

Abin da ya faru a gidan Orchid View da ke yankin West Sussex a Ingila ya nuna haka. Kamfanin Southern Cross ne ya buɗe shi a 2009, aka rufe shi a 2011. A 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta duba rasuwar mazauna 19, ta yanke cewa sakaci yana da hannu a 5 daga ciki. An ba da shaidar ƙarancin ma'aikata, da barin tsofaffi cikin ƙazanta, da ajiye ƙararrawar neman taimako inda hannu ba ya kaiwa. An kuma ba wata tsohuwa maganin warfarin fiye da kima. Shi wannan magani yana rage daskarewar jini ne, saboda haka in ya yi yawa jini yana iya ɓallewa a cikin jiki. Maimakon a bayyana kuskuren, sai aka umarci wata ma'aikaciyar ofis da ta yayyage takardun maganin. Ita ce daga bisani ta kai magana wurin 'yan sanda.

Abin mamaki, hukumar CQC mai sa ido kan irin waɗannan gidaje a Ingila ta duba gidan a 2010 ta ba shi shaidar kyau. Shi kuwa Southern Cross, wanda yake riƙe da gidaje wajen 750, ya durƙushe a 2011 saboda ya kasa biyan kuɗin hayar gine-ginensa.