Shugaba Yakan Fara da Kansa

'Yan'uwa ɗalibai, cikinmu ne za a samu limamai da sarakunan zango na gobe. To, ta ina shugabanci yake farawa? Malamanmu sun ce daga muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Kullum bayan isha'i mu tambayi kanmu: wa muka ɓata wa rai yau? Wa muka ƙi gaisarwa? Wanda ya san halinsa ba ya jin nauyin zuwa wajen mutane.

Mu dubi Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Babban Limamin Gana tun 1993. A watan Afrilu na 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya je cocin Christ the King a nan Ankara ranar Ista. Wasu sun yi ta magana, amma shi zumunci ya kai wa maƙwabta, kuma zumunci a ƙafa yake.

Mu nan Nima da Mamobi, kalma ɗaya a filin ƙwallo tana iya tada faɗan samari. Monitan ajin da ya saba bincikar zuciyarsa shi zai iya shiga tsakani. Saboda haka, kafin Juma'a kowa ya je ya gaida wanda suka daina magana. Allah ya ba mu iko.